Garki, 1972: Gwajin da Aka Yi wa Ƙauyuka

Idan muka bar Daura muka bi ta Zango da Baure, muka ratsa Babura, za mu iso Garki a Jihar Jigawa ta yau. A nan ne, daga 1969 zuwa 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar da ɗaya daga cikin manyan binciken zazzaɓin cizon sauro. Tambayarsu ita ce: shin feshin gidaje da rabon magani za su iya katse cutar a ƙasa irin tamu?

A ƙa'ida, mai gwaji kan raba mutane gida biyu, ya ba waɗannan magani ya hana waɗancan, sannan ya kwatanta. Amma sauro bai san katanga ba. In aka fesa gidan wani aka bar na maƙwabcinsa, sauron da ya mutu a nan ya rage wa can cizo, wanda ya tsira a can kuma ya dawo nan. Mutane ma ba sa zama wuri ɗaya: ana cin kasuwa tare, ana zuwa biki da gaisuwar rasuwa.

Saboda haka masu binciken suka ɗauki rukunin ƙauyuka a matsayin abin gwaji. Suka bi diddigin ƙauyuka 22 a rukuni takwas. Wasu aka yi musu feshi kaɗai, wasu feshi da magani, wasu aka bar su don kwatanci. Feshin da aka fara a 1972 ya game ƙauyuka 164, don kada sauron kewaye ya gurɓata sakamakon. An gano cewa feshi ya rage yaɗuwar cutar ƙwarai amma bai katse ta ba, domin wani sauron a waje yake hutawa bayan cizo. Da aka daina aikin, zazzaɓin ya dawo.

Yau wannan matsala ta shigo wayoyinmu. A ranar zaɓen majalisar Amurka na 2010, Facebook ya gwada saƙon tunatar da zaɓe a kan mutum miliyan 61. Masu binciken sun ƙiyasta cewa ƙuri'un da suka ƙaru ta hanyar abokai sun ninka na kai tsaye kusan sau huɗu. Shi ya sa masu gwaji a intanet kan haɗa abokan hulɗa a rukuni guda kafin su rarraba, kamar yadda aka yi wa ƙauyukan Garki.

Mu da muke zaune inda labari ke tashi daga kasuwar Mai'adua ya kwana a zauren WhatsApp na dangi, wannan ya shafe mu. Duk wanda ya ce ya gwada sabon iri ko maganin gona a kan rabin gari ya ga babu bambanci, mu tambaye shi ko ɗaya rabin bai ara daga maƙwabta ba.