Lissafin da ake buƙata kafin neman gurbin digirin kasuwanci a Kano

A watan Oktoban 2025, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ƙarƙashin minista Tunji Alausa, ta sanar da cewa kiredit a lissafi ya daina zama sharaɗi ga masu neman gurbin karatun fannin fasaha da adabi a jami'a. Sassaucin bai shafi mai son karanta akanta, ko harkokin banki da kuɗi, ko gudanar da kasuwanci ba. Gare shi lissafi yana nan daram, kuma zai tare shi a ƙofa uku.

Ƙofa ta farko ita ce jarabawar kammala sakandare, ta WAEC ko NECO. Ana buƙatar kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi, galibi da ilimin tattalin arziki, a zama ɗaya ko biyu. Kiredit yana nufin A1 zuwa C6. D7 ba ya shigar da kowa. A nan ne aka fi yin kuskure, domin tun a aji huɗu na sakandare ake raba ɗalibai zuwa ajin kimiyya, da na fasaha, da na kasuwanci, kuma da yawa suna zaɓar na ƙarshen ne don tserewa lissafi. Gudun gara ne aka faɗa gidan zago. Ɗalibin makarantar kuɗi a Nassarawa GRA yakan sami malamin da zai faɗakar da shi, har a ɗaukar masa mai darasin gida. Takwaransa na makarantar gwamnati, wanda ajinsu ya cika ya batse, sau da yawa sai ya zo cike fom yake jin labarin. Wannan giɓi na cikin ma'aunan da ya kamata a auna dokar ta-ɓaci kan ilimi da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana a watan Yunin 2024.

Ta biyu ita ce jarabawar JAMB: darussa huɗu, maki 400. Mai neman gudanar da kasuwanci yakan haɗa Turanci da lissafi da tattalin arziki, sannan darasi ɗaya da kundin hukumar ya amince da shi. Lissafi yana da tambayoyi 40, ana amsa su a kwamfuta cikin ƙurarren lokaci. A 2025, fiye da mutum miliyan 1.3 cikin kimanin miliyan 1.9 da suka zauna jarabawar ba su kai maki 200 ba.

Wanda bai dace ba yana iya bin hanyar shiga aji biyu kai-tsaye, da sakamakon IJMB, shirin da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da shi, ko da difloma daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano. Amma a nan ma ba a yafe kiredit ɗin lissafi.

Ƙofa ta uku tana cikin jami'ar kanta. A Jami'ar Bayero da takwarorinta, ɗalibin kasuwanci zai haɗu da lissafin kasuwanci da ƙididdiga tun a shekarun farko. Kaifin ƙwaƙwalwar da ke fitar da riba a Kantin Kwari ko kasuwar Singa jari ne babba, sai dai ba ya maye gurbin aljabara, da logaridim, da ilimin yiwuwa, da tushen kalkulas. Ba a shardanta darasin zuzzurfan lissafi ga ɗalibin kasuwanci, amma idan makarantarsa tana koyarwa, ya fi masa alheri ya ɗauka tun daga aji huɗu.