Masaƙin Da Ya Ƙi Naɗe Hannu

'Yar'uwa, ɗan ƙyallen nan da ake saƙalawa cikin littafi don gane inda aka tsaya, yana da tarihi. A 1860 Ingila ta janye haraji kan ribin na siliki daga Faransa, kasuwar masaƙan garin Kobentiri ta mutu murus, yunwa ta shiga gidaje. Amma wani masaƙi, Thomas Stevens, bai naɗe hannu ba. A 1862 ya koma saƙa alamar littafi da siliki, da hotuna da kalaman gaisuwa a jiki. Da yake zanen saƙa ne, ba ya goguwa, har yau masu tara kayan tarihi na nemansu. To ke mai zare da allura, in kasuwar huluna ta ja baya, hannunki fa bai mutu ba. Allah Ya sa mu dace.