Kalmar "Jinsi" Tsakanin Ajin Kimiyya da Ajin Nahawu

Kalmar "jinsi" Balarabiya ce, kuma ta zauren malamai ta shigo Hausa. A ilimin manɗiƙi an bambanta ta da "nau'i": jinsi shi ne babban rukuni, nau'i kuwa reshe ne a ƙarƙashinsa. Wannan ya yi daidai da matakai biyu da Linnaeus ya ɗora sunayen tsirrai a kansu a 1753. Baure da ceɗiya da durumi da gamji nau'i huɗu ne, amma jinsinsu ɗaya, wato Ficus. Bahaushe ya raɗa wa kowanne suna, kamar yadda littafin Dalziel na sunayen tsirrai (1916) ya nuna, sai dai bai yi musu sunan gayya ba. Da masu fassara sun bi sawun malaman zaure, da ba mu riƙa jin "jinsi" a inda ake nufin nau'i ba.

Masana nahawu kuma suka ɗora wa kalmar wani kayan: bambancin "shi" da "ita", "ne" da "ce". A nan ne ɗalibin Zungur, a ƙasar Bauchi, yake shan wuya. Bausanci, kamar Zazzaganci, ya sassauta jinsin sunaye. Yaro yakan ce "motan Audu" ko "riga ne", alhali Daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina a kan karin Kano, tana neman "motar Audu" da "riga ce". Da safe a ja masa jan biro a ce ya ɓata jinsi, da rana malamin kimiyya ya ce masa baure da gamji jinsi ɗaya ne. A ganinmu laifin manhaja ne, ba na yaron ba.

Ingilishi ya daɗe da zubar da jinsin sunaye, saura he da she da it. Shi ya sa ake ta jayayya kan they na mutum ɗaya, har ƙamusun Merriam-Webster ya zaɓe ta kalmar shekara a 2019. Hausa tana da lamirin "a" tun asali: "an zo", "ana sallama", ba a fayyace namiji ko mace ba.

Shawararmu ga marubuta littattafan sakandare ita ce a bar wa kimiyya "jinsi" da "nau'i" bisa tsohuwar ma'anarsu, a ajin harshe kuwa a riƙa cewa "jinsin nahawu", tare da darasi guda kan karin Bauchi da Zariya.