Rubutun Tsutsa a Ɗab'i: Tarihinsa da Matsalarsa ga Harsunan Kudancin Kaduna

Abin da ake kira rubutun tsutsa a fagen ɗab'i, wato siraran haruffan nan masu karkata zuwa dama, ya samo asali ne daga birnin Banis na ƙasar Italiya. A shekarar 1501 ne maɗabi'i Aldus Manutius ya fitar da waƙoƙin Virgil cikin wannan salo, kuma Francesco Griffo ne ya sassaƙa masa haruffan bisa kwaikwayon rubutun hannu na malaman zamanin. Ƙananan haruffa kaɗai aka karkatar. Manyan suna tsaye. A wancan lokaci da shi ake buga littafi sukutum. Sai daga baya cikin ƙarni na 16 masu sassaƙa irin su Robert Granjon suka yaɗa karkatattun manyan haruffa, shi kuma salon ya koma mataimakin tsayayyen rubutu: da shi ake nuna sunan littafi, da baƙuwar kalma, da wadda ake son jaddadawa.

Masana kimiyyar harshe sun gāji wannan al'ada, domin duk kalmar da aka kawo misali da ita akan rubuta ta da rubutun tsutsa. Sai dai keken rubutu ba shi da irin waɗannan haruffa, saboda haka marubuci kan ja layi a ƙarƙashin kalmar, mai ɗab'i kuma ya fahimci manufa.

Hausa ba ta sha wahala sosai da wannan ba, tun da a cikin shekarun 1930 ta rabu da ɗigo a ƙarƙashin baƙi, ta rungumi ɓ da ɗ da ƙ masu ƙugiya a sama. Harsunan kewayen Kafanchan ne abin ya fi shafa. A ƙa'idar rubutun Tyap da Jju, layin da ke ƙarƙashin wasali ma'ana gare shi: a̱ daban, a daban, kuma sauti biyu ne mabambanta. Da zarar an ja wa kalma layi don nuna misali, layin wasalin ya ɓace a cikinsa, mai ɗab'in da bai ji harshen ba kuwa ba shi da hanyar rarrabewa.

Akwai kuma wata matsalar da zuwan kwamfuta bai kawar ba. A yawancin salailai, irin su Times, harafin a yakan sauya siffa idan an karkatar da shi, ya koma kamar ɑ, alhali a haruffan nazarin sauti na duniya waɗannan wasula biyu ne. Manazarcin da ya tattara kalmomin Ninzo ko Numana a Gwantu, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sanga, yana iya kiyaye bambancin a takardarsa, edita ya shafe shi da dannawa guda. Dalili ke nan da ya sa aka fi amincewa da barin rubutun sauti a tsaye cikin baka, a keɓe rubutun tsutsa ga kalmomin da aka rubuta bisa ƙa'idar yau da kullum.