Layin ƙarshen wata: daga ina wannan jira ya samo asali?



Ƙarshen watan da ya wuce na bar ɗalibaina 68 na ajin CM2 a hannun abokin aikina, wanda shi ma yake fama da nasa ajin, na nufi Maraɗi ɗaukar albashi. An ce mana mota za ta tashi ƙarfe shida, ba ta motsa ba sai takwas saura, don direba ya rantse ba zai tashi da kujera biyu babu kowa ba. Da na isa banki na tarar layi ya fito har bakin titi, na'urar cirar kuɗi ta waje kuma an manna mata takarda. Wajen azahar mai gadi ya leƙo ya ce babu rezo. Gidan ƙanena na kwana, sai washegari da la'asar kuɗina suka shigo hannuna. Kwana biyu na karatu sun tafi ke nan.

A cikin layin akwai wani dattijo, tsohon ma'aikaci da ya zo karɓar fansho. Ya dube ni ya ce, "Mushe, da ba haka ƙasar nan take ba. A zamaninmu bas ba ta jiran kowa, mai gishe kuma da sunanka yake gaishe ka." Na ce, "Haka ne, Baba," don girmamawa. Amma maganar ta bi ni har gida, kuma da na yi ta juya ta sai na ga gaskiya ya faɗa, sai dai rabinta.

Kafin banki da mota, kakanninmu suna da masu kai su tafiya da masu riƙe musu dukiya. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro suna bin madugu, wanda ya san rijiyoyi, ya san zango, ya san sarkin da za a ba gaisuwa a wuce lafiya. A garin da aka sauka akwai fatoma, mai masauki, shi ke ajiye kaya da kuɗin baƙo, ya samo masa mai saye, ya tsaya masa idan an ba da bashi. Babu takarda tsakaninsu, suna ne jingina. Madugun da ya ɓatar da ayari bana, baɗi ba wanda zai bi shi. Fatoman da ya ci amana, labarinsa zai riga baƙinsa isa gida. Wato bafatake yana da wani makami a hannunsa: yana iya juya baya ya tafi wurin wani.

Zuwan Nasara ya kawo mota da banki, amma ba don talaka aka kawo su ba, don gyaɗa ne. Gyaɗar Maraɗi da ta Damagaram ta daɗe tana fita ta Kano, inda jirgin ƙasa ke kai ta teku. A shekarun 1950 Faransawa suka karkata wani ɓangare nata zuwa Dahome: manyan motoci su kai ta Faraku, jirgin ƙasa ya ƙarasa da ita Kwatano. Mutum kuwa bisa buhuna yake hawa, in direba ya yarda. Banki kuma na manyan kamfanonin ciniki ne irin su CFAO da SCOA. An ƙirƙiro kuɗin sefa a 1945, amma manomin da ya sayar da gyaɗarsa a tukunya yake binne su, ko ya mai da su akuya da saniya.

Da muka samu ƴancin kai a 1960, gwamnatin Diori Hamani ta kafa nata. Bankin raya ƙasa BDRN ya zo a 1961 da taimakon Tunisiya, kamfanin gyaɗa SONARA a 1962, kamfanin sufuri na ƙasa SNTN a 1963. Aka fara haƙar uranium a Arlit a 1971, farashinsa ya yi sama a tsakiyar shekarun 1970, zamanin Janar Seyni Kunce. Kuɗi suka shigo, aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, aka yi dogayen gine-gine a Yamai, albashi yana zuwa kan lokaci. Wannan zamanin ne dattijon nan yake tunawa, kuma bai yi ƙarya ba.

Ga rabin da bai faɗa ba. Ƙidayar 1977 ta nuna mu miliyan 5 da ɗoriya ne kawai. Cikinsu masu asusu a banki ƴan ƙalilan ne: ma'aikatan birni da manyan alhazai. Malamin ƙauye hannu da hannu ake biyan sa, wani wakili ya karɓo kuɗin kowa ya raba. Bas ɗin SNTN ba kullum take tashi ba, kuɗinta kuma ya fi ƙarfin manomi, wanda har lokacin bayan babbar mota yake hawa. Mai gishe ya san sunan Baba ne saboda masu zuwa gabansa ba su fi ya haddace su ba.

Daga farkon shekarun 1980 komai ya soma zubewa. Farashin uranium ya faɗi. Fari ya zo a 1984, yunwar da iyayenmu suka laƙaba wa suna El-Buhari, saboda ta haɗu da rufe iyakar Najeriya. Gwamnati ta shiga tsarin tsuke bakin aljihu na FMI da Bankin Duniya. Sai asirin BDRN ya tonu: an rabar da bashi mai yawa ga manyan ƴan kasuwa da masu faɗa a ji da kamfanonin gwamnati, aka kasa karɓo shi. A 1990 aka rushe bankin, Sonibank ta maye gurbinsa. Asusun ba manoma bashi, CNCA, shi ma ya mutu. Asusun ajiya na gidan waya, inda ƙananan ma'aikata ke tara ƴan canjinsu, ya tsaya cik, masu littafin ajiya suka yi shekaru suna jiran abinsu.

Ana cikin haka, ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Tamma ɗaya ta Faransa da ake canzawa sefa 50 ta koma 100. Taya, batir da duk wani ƙarfen mota da ake shigowa da shi suka yi tsada ninki. Ina kwaleji a lokacin. Ina tuna malamanmu suna bin gwamnati albashin watanni, wani yana sayar da ƙanƙara, wani ya koma gona, yajin aiki yana bin yajin aiki. A tsakiyar shekarun nan ne aka cire jigilar fasinja daga SNTN aka kafa SNTV, a Yamai kuma aka kafa SOTRUNI don bas ɗin cikin gari.

Darasin da talaka ya ɗauka a wannan zamani mai ɗaci ne: bashin babba ana mantawa da shi, ajiyar ƙarami ita ke ɓata. Shi ya sa mutane suka ƙara riƙe adashe. Kuma a nan jihar Maraɗi ne, a 1991, aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da tallafin ƙungiyar CARE. Mata su taru kowane mako, su zuba abin da suka samu cikin akwati, su ranta wa junansu, kowa na gani. Wannan dubara daga baya ta bazu ƙasashe da dama na Afirka. In ka duba da kyau, tsohon tsarin fatoma ne ya dawo: wadda ke riƙe da makulli maƙwabciyarki ce, gobe a bakin rijiya za ku haɗu.

Daga shekarun 2000 sai sufuri da banki suka rabu hanya, kuma a nan ne nake son mu tsaya mu duba. A fannin sufuri ƴan kasuwa suka shigo da ƙarfinsu: Rimbo, EHGM, Aïr Transport, Azawad, Sonef da sauransu. Bas ta koma tashi kullum kafin asuba. Tafiyar Yamai zuwa Damagaram, kusan kilomita 900, ta zama ta yini guda. Aka kawo motoci masu sanyi, aka yi wa fasinja wurin kwana da masallaci a tasha, ana ba kaya lamba. Me ya jawo haka? Idan wannan kamfani ya wulaƙanta ka, ga wani can tsallaken titi. Haka kamfanonin aika kuɗi irin su Al Izza, Nita da Amana suka cika garuruwa, ɗalibi a Yamai ya karɓi saƙon mahaifinsa daga Tasawa kafin shayi ya huce.

To amma wannan gyara kan babbar hanya ya tsaya. Da ka sauka daga kwalta, inda mafi yawan makarantunmu suke, mota ɗaya ce ranar kasuwa, direbanta shi ne sarki. Ko a babbar hanyar ma, ku lura da lokacin da ake taka fasinja: jajibirin salla, komawa lakwal, lokacin da kowace kujera ke da masu nema uku. A nan ne tikitinka ke zama na wani, kayanka su kwana a tasha, a ce ka yi haƙuri. Jirgin ƙasan da zai rage mana dogaro da mota har yau alkawari ne. An ƙaddamar da layin Yamai zuwa Doso a 2016, ba mu ga yana jigilar jama'a ba. Na Kano zuwa Maraɗi, da aka aza harsashinsa a 2021, muna zuba ido.

Banki kuwa akasin haka ya faru. A 2002 ƙungiyar UEMOA ta fitar da umurnin a riƙa biyan albashi ta banki. A daidai lokacin ne aka shiga ɗaukar malamai ƴan kwantaragi dubbai don buɗe makarantu a ƙauyuka. Ƙidayar 2012 ta same mu miliyan 17. Amma rassan bankuna sun taru ne a Yamai da manyan biranen jihohi, kuma kowa cikin ƴan kwanaki guda ake biyan sa. Ƙofar da aka yi don ɗaruruwa, dubbai aka tura mata.

Sa'an nan ga igiyar da muke ɗaure kanmu da ita. Ranar da ka ci bashin ragon layya, ko na fili, ko na kayan lakwal na yara, ka sa hannu cewa albashinka ba zai bar bankin ba sai ka gama biya. Kafin wancan ya ƙare, wata buƙata ta taso, ka sabunta. Na san malaman da suka shekara goma a haka, ni ma ban tsira ba. Banki ya san ba inda za ka je, to don me zai ƙara gishe saboda kai? Da takunkumin CEDEAO da UEMOA ya zo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, aka ƙayyade abin da mutum zai cira daga cikin kuɗinsa. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, amma mu da masu gishe duk mun riga mun saba da cewa jira ba abin kunya ba ne.

Ba na ɗora laifin kan yarinyar da ke zaune bayan gilashi tun safe ba ta ko sha ruwa ba, ko kan karen motar da ake biya da abin da ya ragu. Su ma a cikin tarkon suke. Abin da tarihin nan ya nuna mini shi ne, tun daga madugu har zuwa bas mai sanyi, ana mutunta mutum ne a inda yake da wata ƙofar fita, ko kuma inda ƙorafinsa ke isa kunnen da ake jin tsoro.

Iyaye, wannan magana taku ce kafin ta zama tamu. Malamin da ke rasa kwana biyu kowane wata, a watanni tara na karatu ya rasa kwana 18, fiye da mako uku na aji. Ɗanku ne ke biyan wannan, ba banki ba. Ina roƙon kwamitocin makaranta da ƙungiyoyin iyaye su fara rubuta waɗannan ranaku a littafi, wata bayan wata, a kai wa sufeto da magajin gari da ƙungiyoyinmu na malamai. Da lissafi a hannu ake neman a kawo wurin biya kusa da mu, ko a raba ranakun biya, ko a ba malamin ƙauye damar karɓa ta waya ba tare da an yanke masa wani abu ba.

Mu kuma malamai, mu san haƙƙinmu. Tun watan Oktoba 2014 babban bankin BCEAO ya wajabta wa bankuna yin wasu ayyuka kyauta, ciki har da buɗe asusu da rufe shi, ba ka takardar lissafin asusunka sau ɗaya a wata, da cirar kuɗi a na'urar bankinka. Mu nawa ne muka taɓa karɓar takardar nan muka karanta ta layi-layi, kamar yadda muke duba littafin ɗalibi? Mu karɓa, mu tambayi dalilin duk dalar da aka cire. Kafin mu sabunta bashi kuma, mu lissafa shekarun da za mu ƙara a ɗaure.

Washegarin ranar na sake ganin Baba a ƙofar banki, ya zo da ƴar kujerarsa ta roba tun daga gida. Na karɓi takardarsa na riƙe masa layi, ya koma inuwa ya zauna. Lambarsa 214 ce.

Allah ya ba shugabanninmu ikon gyarawa, ya sa wa ƴaƴanmu albarka a karatunsu. Amin.