Wakilin Masu Ƙirƙira da Tattasan Komadugu

Sana'ar wakilin masu ƙirƙira, wato masanin da ke tsara wa mai sabuwar dabara takardar neman kariya, ya kuma tsaya masa a gaban hukuma, ta shigo Nijar ne ta ƙofar yarjejeniya, domin tun 1962 ƙasashen renon Faransa suka amince a Libreville su haɗa ofishi guda maimakon kowace ta buɗe nata. Yarjejeniyar Bangui ta 2 ga Maris 1977 ce ta haifi ƙungiyar OAPI mai mazauni a Yawunde, wadda takardarta ɗaya ke aiki a ƙasashe 17, kuma kariyar ƙirƙira a ƙarƙashinta shekara 20 ce.

Da farko aikin ya fi karkata ga injuna, magunguna da tambarin kamfanoni, abubuwan da ba su dami Mobar da Mangawa masu noman rani a gaɓar Komadugu Yobe ba. Gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a 1999 ne ya kawo shi bakin gona, saboda ya shigar da kariyar sabon irin shuka, wadda ba a bayar da ita sai an tabbatar irin sabo ne, ya bambanta da sauran, tsironsa bai ɗaya ne, kuma halinsa ba ya sauyawa daga shuka zuwa shuka. Wannan hujja ce ta ilimin tsirrai, kuma lauyan da bai san kimiyya ba ba ya iya kafa ta balle ya rushe ta. An ga takaddama kan wannan kariya sa'ad da kamfanin Tropicasem na Senegal ya nemi mallakar irin albasar Galmi, manoman Nijar suka tashi tsaye har sunan ya kuɓuta.

Tattasan Diffa, wanda ake shanyawa a cusa a buhu a kai kasuwannin Najeriya, har ake masa kirari da jan zinariyar Manga, bai cika sharaɗin sabunta ba, tunda iri ne da manoma suka daɗe suna zaɓa suna ajiyewa. Abin da ya dace da shi shi ne kariyar sunan asali, wadda ke ɗaure amfanin gona da ƙasar da ta fitar da shi, irin wadda barkonon Penja na Kamaru ya samu a 2013. A nan ma sai an gwada ƙasa, ruwan kogin da yanayin shanya kafin a rubuta ƙa'idar noman, aikin da ya yi wuya a kwarin Komadugu, inda hukuma ta taɓa hana cinikin tattasan kansa a 2015 saboda rikicin Boko Haram.