Bakin Ruwan Sakkwato: Daga Alƙalami Zuwa Kyamara

Duk shekara, da zarar hunturu ya kama, sai ruwan fadama ya ja da baya, hanyoyin ƙafa da damina ta shafe su sake bayyana. A wannan lokaci ne mai sha'awar tattaki kan tashi daga Runjin Sambo ya bi hanyar jami'a har Kwalkwalawa, ko kuwa ya miƙa arewa zuwa Tabkin Kware, yana bin gaɓa yana ɗaukar hoto. To amma da yake waiwaye adon tafiya ne, ya kamata mu tambayi kanmu: su wa suka fara adana mana kamannin waɗannan ruwaye, kuma da me suka adana?

Amsa ita ce, malaman jihadi ne, kuma da alƙalami. A watan Yuni na shekarar 1804 aka gwabza yaƙi tsakanin jama'ar Shehu Usmanu da rundunar Sarkin Gobir Yunfa a bakin Tabkin Kwatto, kusa da Gudu. Ba don Muhammadu Bello ya kawo labarin a cikin Infaƙul Maisuri ba, Malam Abdullahi kuma ya kawo shi a cikin Tazyinul Waraƙati, da sunan wannan tabki bai wuce bakin makiyayan da ke shayarwa a wurin ba. Shi kansa birnin Sakkwato, a kan tudun da ke kallon mahaɗar Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato Bello ya kafa shi a 1809.

Daga nan sai zane ya shigo. Lokacin da Baturen Ingila Kilafatan ya zo Sakkwato a 1824, babban abin da ya dame shi shi ne sanin inda Kogin Kwara ya nufa. A fadar Bello aka ba shi taswirar ƙasa da koguna, wadda aka buga a Landan a 1826. Ashe ke nan, ɗaya daga cikin tsofaffin zanen ruwayen ƙasarmu da Turai ta gani, daga hannunmu ya fita.

Bayan shi sai Bajamushen nan Dokta Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarimu. Ya iso Wurno da Sakkwato a watan Afrilu na 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ana tsakiyar bazara. Da ya komo daga Tambutu a watan Agusta na 1854, sai ya tarar da wata ƙasa daban, gulbi ya cika, kwari ya yi shar. Duk da cewa an riga an bayyana fasahar ɗaukar hoto a Faransa tun 1839, shi da fensir ya yi aikinsa. Wani mai zane, Bernatz, shi ya gyara zane-zanen aka sa cikin littafinsa mai juzu'i 5, wanda ya fito a 1857 da 1858. Darasin da ke nan a fili yake: wanda ya ga wuri sau ɗaya, rabinsa ya gani.

Kyamara ba ta zauna da gindinta a ƙasar nan ba sai bayan da Turawa suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903. Ko a sa'an nan, idonta ya fi karkata ga sarakuna da dawaki da hawan salla. Da 'yan ƙasa suka karɓi sana'ar kuwa, sai ta koma ɗakin hoto, ta buki da suna da fasfo. Ruwan da ya fi samun rabo shi ne Matan Fada na Argungu, albarkacin bukin kamun kifi da aka faro a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu. Amma fa wannan hoton taron jama'a ne, ba na tabki yana zaune shiru da sanyin safiya ba.

Alhali kuwa ruwayen ba su tsaya jiranmu ba. An kammala madatsar Bakolori a 1978, ta Goronyo kuma a 1984, suka sauya yadda ruwa ke malalowa fadama. Injin ban ruwa ya kori jigo. A watan Satumba na 2010 ambaliya ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta raba ta da gari. Ga kuma gine-gine kullum suna ƙara gangarowa kwari. Yaron da aka haifa bayan duk waɗannan, a ina zai ga yadda wurin yake a da?

Saboda haka, ya 'yan'uwa marubuta, aiki ya dawo kanmu. Hunturu shi ne lokacin fita, domin ƙasa ta bushe, rana ta yi sauƙi, ga albasa da rake a fadama, ga tsuntsayen da suka guje wa sanyin Turai. Gaskiya ne hazon da iska ke kwasowa daga ƙasar Chadi yakan ɓoye nesa, amma yana tausasa haske, har kwale-kwale da masunci su fito raɗau a kan farin ruwa. Mu ɗauki hoton, sa'an nan mu rubuta ranar da sunan wurin kamar yadda mutanensa ke kiransa, mu tambayi dattawa inda ruwa yake kaiwa a da, mu kuma koma da damina. Hoton da ba shi da suna da kwanan wata maraya ne. Gani ya kori ji, amma sai alƙalami ya raka shi yake zama tarihi.